Kai ka sayi sola da kyamara, amma saitinsu yana hannun wa?

Yau ba sabuwar manhaja muka kawo muku ba, magana ce ga duk wanda ya sa wa gidansa ko shagonsa sola, ko kyamarar tsaro, ko soket ɗin da ake kunnawa daga waya.

Daga Gummi zuwa Bukkuyum, Zugu da Anka, mutane sun gaji da jiran wutar NEPA, kowa na ƙoƙarin haɗa sola. Ka kashe kuɗi, injiniya ya zo daga Gusau ko Sakkwato, ya danna nan ya danna can, komai ya tashi, ka sallame shi ya tafi. To ga tambaya: idan inbatarka ta koma yadda ta fito daga kamfani yau da dare, ka san lambobin da ya sa mata? Idan amsarka a'a ce, rabin kayan ne kawai naka. Ɗaya rabin yana kan wani mutum da ba lallai ya ɗauki wayarka ba, kuma kowa ya san yadda hanyoyin yankin nan suke, ba a kiran mutum ya taso saboda danna maɓalli biyu.

Ra'ayina shi ne saitin nan ma dukiya ne, ka tara shi wuri ɗaya, a hannunka.

Ba ƙaramin abu ba ne. A cikin inbata akwai nau'in batir, akwai ƙarfin caji, akwai inda za ta yanke wuta kada batir ya zuƙe. Idan aka bar saitin batir mai ruwa a kan na litiyam, ko aka yi akasin haka, batirin da ya fi komai tsada a haɗin shi zai fara mutuwa. Haka Wi-Fi: yawancin ƙananan soket da kwan fitila masu wayo a kan 2.4 GHz kaɗai suke aiki, kuma da zarar ka canza sunan Wi-Fi ko kalmar sirrinsa, duk sai su ɓace daga wayarka. Amma idan ka rubuta tsohon suna da kalmar sirri, ka sa wa sabuwar MiFi ɗinka su daidai, yawanci da kansu za su dawo.

Wani zai ce, ai manhajar tana ajiye komai a intanet. Ɗan uwa, mu a Zamfara ba sai an ba mu labari ba. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, ƙananan hukumominmu suka shafe sama da wata biyu babu sabis. Abin da ke intanet kaɗai a lokacin, tamkar babu shi ne. Ko a Amurka, kamfanin Insteon ya kashe sabarsa a watan Afrilun 2022 ba tare da sanarwa ba, masu kayansa suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki. Kayan aro ba ya rufe katara.

To yaya za ka tsara? Mu ari dabarar masu amfani da Home Assistant, manhajar sarrafa kayan gida ta kyauta da aka fara a 2013. Asali saitinta a fayil ɗaya yake, mai suna configuration.yaml. Da kaya suka yi yawa sai fayil ɗin ya zama kamar buhun da aka zuba gero da dawa da wake tare. Mafitar ita ce abin da suke kira packages, wato ƙunshi: duk abin da ya shafi aiki ɗaya a fayil ɗaya. Kalmomin sirri kuma a ware su a wani fayil daban, secrets.yaml.

Ba sai kana da Home Assistant ba. Buɗe folda a wayarka ka sa mata suna GIDA, a ciki ka yi ƙanana huɗu:

1. WUTA: hoton kowane shafin saitin inbata, hoton takardar jikin batir, yawan faifan sola, da ranar da aka haɗa.
2. TSARO: sunan manhajar kyamara, lambar kowace kyamara da inda take kallo.
3. RUWA: lokutan da famfon rijiyar burtsatse ke tashi da tsayawa.
4. NETWOK: sunan Wi-Fi, lambar layin da ke cikin MiFi, da jerin kayan da ke kansa.

Kowane hoto ka sa masa kwanan wata a sunansa, don ka gane sabo da tsoho. Duk ranar da aka taɓa wani saiti, ka ɗauki hoto kafin a taɓa da kuma bayan an gama.

Kalmomin sirri kada su shiga foldar nan. Waya tana faɗuwa, ana sace ta, ana kai ta wurin gyara. Rubuta su a littafi ka adana inda kake ajiye takardun gida. Ita kuma foldar ka yi mata kwafi biyu: ɗaya a memori ko filas, ɗaya a Google Drive. Wanda ya ga ambaliyar Gummi ta 2024 ya san abin da ke wuri ɗaya yana iya tafiya dare ɗaya.

Mafi muhimmanci: duba da imel ko lambar wa aka buɗe asusun kyamararka. Idan na wanda ya haɗa maka ne, yana iya kallon tsakar gidanka da iyalinka daga wayarsa, ko da mutumin kirki ne, wayarsa na iya faɗawa hannun wani. Ka sa a mayar da asusun sunanka, ka canza kalmar sirri a gabansa. Injiniyan da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, domin foldar nan shi ma za ta rage masa wahala.

Aikin bai fi awa ɗaya ba. Kafin ka biya cikon kuɗin haɗi, ka karɓi saitinka.

Idan akwai shafin inbatar da ba ka gane ba, turo hotonsa mu duba tare, amma ka rufe lambar kyamara da kalmar sirri kafin ka turo.