Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Wani tsohon ɗalibinmu a nan Banikanni ya kawo mana kwamfutar marigayi mahaifinsa, Amstrad CPC 464, wadda ta fito a 1984. Allonta ya mutu, alhali lissafin bashin da tsohon yake bin mutane yana cikin kaset-kaset ɗinta.

Abu biyu muka gaya masa. Na farko, wannan na'ura daga allonta take shan wuta, volt 5 kacal. Sai a nemi caja mai volt 5 da amfiya 2, mai gyaran rediyo ya auna ta kafin a jona. In aka ba ta volt 12, ta ƙone ke nan. Na biyu, allon zamani ba ya gane hotonta. Sai da igiyar Péritel da ɗan akwatin da ke karɓar RGB ya mayar HDMI.

Ya yi haƙuri, ya bi wannan. Rubutu rawaya ya fito a kan shuɗi, kaset ya juya, sai ga sunayen.

Kada mu yi saurin zubar da kayan iyayenmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.