Daga Matamaye zuwa Damagaram a kan keke: titin nan ba na masu mota kaɗai ba ne

Da muka ce za mu tuƙa keke daga Matamaye har Damagaram, dariya aka fara yi mana a fada. Wani abokina da muka yi jami'ar André Salifou tare ya aje kofin shayinsa ya ce, "Kai da digirinka, keke? In kuɗin mota ne babu, ka faɗa mu yi maka karo-karo." Na yi dariya ni ma, amma maganar ta tsaya mini a rai, don ita ce ainihin ciwon.

Mun zaɓi 3 ga watan Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018. Bayan sallar asuba muka tashi, samari da 'yan mata, har da wani dattijo mai faci da ya ce ba zai bar mu mu tafi ba famfo ba roba. Hanyar ta fi kilomita 80: a bi ta Kance, a faɗa babban titin ƙasa a Takeita, a wuce Tirmini, sannan birni. Zuwa Kance wasa ne, ana hira ana tsere. Daga Takeita ne rana ta nuna mana ita ce sarauniya.

Gajiyar dai ta wuce bayan kwana biyu. Abin da bai wuce ba shi ne tsoron da na ji a gefen kwalta. Gefen ya zaizaye, wani wurin tudun ya isa ya kada mutum, ƙasa kuma yashi ne mai kama taya. Babbar mota in ta taho, zaɓi biyu gare ka: ka tsaya kan kwalta ka miƙa wa Allah lamarinka, ko ka gangara yashi ka faɗi. Wani direban tirela ya danna mana oda bai rage gudu ba ko kaɗan, iskarsa ta jefar da wata ƙanwarmu cikin ƙaya. Ta kuje hannu, Allah ya taƙaita. Mu fa muna da yawa, da riguna masu haske, da babur a gaba yana share mana hanya. To ina ga yaron da ke bin wannan gefen kowace safiya shi kaɗai zuwa lakwal? Ina ga Baban da muka tarar ya ɗauro buhun gero a bayan keke, ya ce mana, "'Ya'yana, ku kuna yi don nishaɗi, ni shekara da shekaru ke nan"? Wallahi kunya ta kama ni.

Mu yi wa kanmu gaskiya. A garuruwanmu keke alamar talauci ce a idon matasa. Saurayi ya fi son ya ci bashi ya sayi babur, ko ya riƙa biyan kabu-kabu kullum, da a gan shi a kan keke. Yarinya kuwa in ta hau, sai an bi ta da ido da magana. Alhali ga Wagadugu can, mata da maza, ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa na tuƙa abinsa, kuma tun 1987 suke gasar Tour du Faso. Ɗan Eritiriya Biniam Girmay ya ɗauki koriyar riga a gasar Tour de France ta 2024, Afirka duka ta yi ta murna. Mu nan ko wurin jingine keke da kwanciyar hankali babu a mafi yawan makarantunmu.

Kuma mun ga abin da dogaro da fetur ke yi mana. Da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, ruwa-ruwan da muke saye a kwalba ya tashi. Da aka rufe iyaka bayan 26 ga Yulin wannan shekarar, Ɗan Barto ya yi tsit, kowa a Matamaye ya ji a jikinsa. A Maris na 2025 layin mai ya cika gidajen mai, a jihar da matatar SORAZ take aiki tun 2011. Duk kwanakin nan mai keke bai fasa zuwa gona ba, bai fasa zuwa kasuwa ba.

Ban ce keke zai maye gurbin mota ba. Mai naƙuda ba za a kai ta likita a kan keke ba, kowa ya sani. Abin da nake cewa, wanda ba shi da mota shi ma ɗan ƙasa ne, kuma ba a shimfiɗa titi da sunan masu injin kaɗai ba. Hukumomin gari su gyara gefen kwalta a mashigar garuruwa, su sa tudun rage gudu da alluna kusa da makarantu da kasuwanni. Shugabannin makarantu su ware rumfar kekuna da mai gadi, wannan ba ya buƙatar miliyoyi. 'Yan sandika na direbobi su ja kunnen mutanensu. Mu kuma matasa, mu daina yi wa ƙannenmu mata ba'a in sun hau.

Mun shiga Damagaram bayan azahar, ƙura har cikin haƙora, faci bakwai a hanya. Ƙanwar tamu da ta faɗi ta ƙi shiga motar rakiya, da ƙafarta ta ƙarasa. Abokin nan nawa na fada shi ya fara kira na, wai ina ake samun keke na hannu mai arha.

Bayan damina za mu sake fita, wannan karon ta hanyar Magarya. Wanda ke da tsohon keke jingine a zaure, ya fito da shi a duba birki da sarƙa tun yanzu. Masu faci biyu muke nema, da wanda ya iya ɗaure ciwo.