Sharhin Fim Ba Roƙo Ba Ne, Ba Kuma Huɗuba Ba

Na gaji da abin da ɗalibanmu ke liƙawa a allo ko su buga a 'yar jaridar makaranta da sunan sharhin fim. Yaro zai zauna ya kwashe labarin kaf, har wanda ya mutu a ƙarshe sai ya faɗa maka, sannan ya rufe da "fim ɗin ya faɗakar, Allah ƙara basira." To kai me ka ƙara mana? Ko mai tura finafinai a waya a kasuwar Talata Mafara ya fi ka bayani, don shi aƙalla yakan ce wannan kada ka ɓata kuɗinka.

Wasu kuma roƙo suke yi, su yi ta wasa jarumi kamar zai yi musu liƙi. Wasu huɗuba: ɗankwalin jaruma ya zame, shi ke nan an yanke hukunci. Tun 2001 Kano ke da hukumar tace finafinai, ba ta ce tana neman ɗan sa-kai ba.

Aikinka daban ne. Ka kalli Labarina na Aminu Saira ka gaya mana ko kowane zango ya riƙe nauyin labarinsa, ko ja ake yi don talla. Ka kalli Kwana Casa'in na Arewa24 ka auna 'yan siyasar Alfawa na cikin shirin da waɗanda ka sani a Maradun. Kiɗa ya danne muryar mai magana? Haske ya nuna dare ne, alhali an ce da hantsi? Waƙar nan ta ciyar da labari gaba ko cusa ta aka yi? Ka kama fage ɗaya, ka faɗi minti nawa ne, ka kafa hujja a kansa. In kwafin fim ɗin Indiya ne, ka ambaci sunan na asalin.

Abin haushi, ba yau aka fara rubutu kan finafinan Hausa ba. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fito tun 1999, shekarar da mujallar Tauraruwa ta raɗa sunan Kannywood. Ga Kwalejin Abdu Gusau da jami'ar jiha a Mafara, ga kwalejin noma a Bakura, masu karatu ba su yi kaɗan ba. Da kuɗin abincinsu suke sayen data, sun cancanci a gaya musu gaskiya kafin su kunna.

Edita kuwa, duk wanda ya kawo maka labarin fim tsura babu hukunci, ka mayar masa da takardarsa.