Makullin da ya rikita kwamfuta a duniyar Mars

Mun saba ganin kwamfuta tana abubuwa da yawa lokaci guda. Sirrin shi ne tana raba aikinta zuwa ƙananan ayyuka masu karɓa-karɓa. Idan biyu suka taɓa bayani ɗaya tare, sai su dagula shi. Shi ya sa muke sa makulli a cikin manhaja: wanda ya riƙe ya yi nasa, sauran su jira.

To, jiran ma yana da haɗari. A watan Yulin 1997, na'urar Pathfinder ta hukumar NASA ta sauka a Mars, sai kwamfutarta ta riƙa mutuwa tana tashi. Ashe wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi ne ya riƙe makulli, matsakaitan ayyuka suka yi ta shiga gabansa, bai samu ya gama ba. Babban aiki kuwa yana tsaye, har wa'adinsa ya wuce.

Ba wanda ya je Mars, mu lura. Daga nan ƙasa injiniyoyi suka aika gyara: ƙaramin da ya riƙe makullin da babba ke jira, a ara masa matsayin babban har ya saki. Pathfinder ta ci gaba da aiko hotuna har ƙarshen Satumba.