Kafin a ƙwace wayar, a tambayi yaron

A taronmu na Uke, iyaye sun koka cewa gem ya cinye yara. Mun yarda, amma ba duka ba. Akwai waɗanda suka wuce bugawa, suna koyon rubuta nasu a Roblox da harshen Luau, kuma wuri ɗaya suke yawan tuntuɓe: bambancin faramita da agumen.

Abin bai fi teburin mai shayi wuya ba. Haɗinsa ɗaya ne kullum, sai dai ya tambaye ka: sukari cokali nawa? Wannan gurbin shi ne faramita. Biyun da ka ce shi ne agumen. Haka yaro zai rubuta umarnin tsalle(tsawo) sau ɗaya, ya riƙa kiran tsalle(5) ko tsalle(50). In gurbi biyu ne ya juya jerin, to madara ta shiga wurin sukari. In ya manta ɗaya, Luau ta ajiye nil, gem ya rikice.

Manhajar rubutun, Roblox Studio, kyauta ce, amma ba ta hawa waya, sai kwamfuta. Ga ta ofishinmu tana shan ƙura. A ganinmu a buɗe musu ita duk Asabar, da babba ɗaya a kusa. Mu kawo maganar taro mai zuwa.