Riƙe numfashi, kare zuciya

A shekarar 2021 aka buɗe wurin gashin sankara na farko a Nijar, a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai. Gashin nan ba na wuta ba ne. Wani haske ne mai ƙarfi da na'ura ke aikawa ya kashe ƙwayoyin cutar.

Daga Maine Sorowa zuwa Yamai ya fi kilomita 1,200. Mai sankarar mama takan isa a gajiye, a tsorace. Lokacin gashi kuma ita kaɗai ce a ɗakin, sai muryar ma'aikaci take ji.

In cutar a maman hagu take, zuciya tana kusa. Shi ya sa a asibitoci da dama ake sa marar lafiya ta ja numfashi sosai, ta riƙe kamar sakan 20. Huhu ya cika da iska, zuciya ta nisanci hasken.

A ganinmu, kada a bar wannan koyo sai ranar gashi. In likita ya umarta, mu taimaka mata ta gwada tun da wuri: ta kwanta rigingine, hannuwa sama da kai, ta ja, ta riƙe, muna ƙirga mata a hankali. In ta ji jiri, ta huta. Mai rakiyarta kuwa ya zama wanda zai iya fassara mata bayanin likita da Barbarci ko Fulatanci.

Wadda ta ji ƙullutu a mama, ta tafi asibiti yau. Tun ran gini, tun ran zane.