Wasiƙa a Buɗe ga Masu Ƙera Jiragen Ruwa da Matuƙansu a Gaɓar Legas

Wannan wasiƙa nasiha ce ga masu ƙera ƙananan jirage da masu tuƙa su tsakanin Ikorodu da Badagiri da Epe, musamman waɗanda suka koyi sana'ar a kogin Kwara ko tafkin Chadi, game da zaɓen jirgi mai ƙarancin nitso. Nitso shi ne zurfin da jikin jirgi yake shiga cikin ruwa, daga saman ruwan zuwa ƙarshen gindinsa, kuma muhimmancinsa a tafkin Legas a bayyane yake, domin wurare da dama ba su kai zurfin mita 2 ba, in ban da hanyoyin da aka yashe wa manyan jirage.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna nitso alhali jirgi yana ɗaure a tasha babu kowa a ciki. Kowace mita guda ta tsawo da faɗi da zurfi ta ruwan daɗi tana da nauyin kilo 1,000, ta ruwan teku kuwa kusan kilo 1,025, saboda haka jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, mai tsawon mita 8 da faɗin mita 2, yakan ƙara nitsewa da kimanin santimita 1 duk lokacin da aka ɗora masa kilo 160, kuma ya fi zama ƙasa da damina, sa'ad da ruwan koguna ya rage gishirin tafkin. Wajibi ne a yi awon da cikakken lodi, a haɗa da ƙafar inji, tunda farfela ce ke fara tuntuɓe da yashi, kuma a yi shi lokacin da teku ya janye, abin da yake faruwa sau biyu a kusan kowace rana kuma baƙo ne ga wanda ya taso a kan kogi.

Siffar gindi ita ce wurin da ake ciniki tsakanin amfani biyu. Shimfiɗaɗɗen gindi yana ratsa ruwa marar zurfi, yana ɗaukar kaya, yana kuma zama daram a kan laka idan ruwa ya tafi, amma da zarar iskar kudu maso yamma ta tayar da gajerun taguwoyi a tsakiyar tafki, sai ya riƙa dukan ruwa da ƙirji har katako ya saki, ruwa kuma ya fantsamo ciki. Gindi mai tsini yana yanka taguwa cikin sauƙi, sai dai yana neman zurfi. Tsaka-tsakin da masunta na mashigin Chesapeake a Amurka suka daɗe suna amfani da shi, wato goshi mai tsini wanda yake bajewa a hankali zuwa baya, shi ya fi dacewa da jirgin da zai ratsa rafuka ya kuma tsallaka tsakiyar tafki. Tare da haka, kada a rage tsayin gefen jirgi don neman sauƙin nauyi, domin wannan tazara ce take hana taguwa shiga.

Ruwan gishiri yana da nasa hukuncin a kan kayan aiki. Akwai tsutsar teku mai huda katako daga ciki har ya zama kamar saƙar zuma alhali fuskarsa lafiya lau, don haka ana bukatar katako mai ƙwari irin loko, da fenti mai hana ta kamawa, ko kuma jikin faiba. Ƙusar baƙin ƙarfe takan ci tsatsa da wuri, kuma araha ba ta ado. Ban da gishiri, ciyawar ruwa mai kama da kainuwa, wadda ta bayyana a rafukan Badagiri a 1984, tana toshe mashigar ruwan sanyaya inji, saboda haka injin da ake iya ɗaga ƙafarsa nan take ya fi amfani.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na ƙasa, wadda aka kafa a 1997, da hukumar LASWA ta Jihar Legas, wadda ta biyo baya a 2008, sun wajabta sanya rigar kariya, kuma ya kamata maƙeri ya rubuta adadin fasinjoji a jikin jirgi yadda kowa zai gani. Jirgin da aka ƙera don tafki bai kamata ya fita bakin teku ba komai kyawun gari, domin ana zaɓen jirgi ne bisa mafi munin ruwan da zai ratsa da lodinsa. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a sana'a. Wassalam.